Wata 18 daga rilaksa zuwa gashin asali: matakan da na bi da inda na yi asara

Shekara 11 na yi ina shafa rilaksa, maganin miƙar da gashi, duk bayan wata biyu ko uku, amma gashin bai taɓa wuce kafaɗa ba. Gaban goshi yana ta ja da baya, gefen kunnuwa biyu kuma ya kusa zama fili. Da na yanke shawarar dainawa ban yi wani shiri ba, na dai ƙi komawa salun ne kawai, wannan rashin shirin kuwa ya ci mini wata uku da kuɗin da ban so in lissafa ba. Shi ya sa na jera matakan nan yadda suka zo mini, don wadda take son komawa gashinta na asali, mai cika da nannaɗewa irin namu, ta san abin da za ta tarar. Farashin da zan ambata shi ne abin da na biya a lokacin, kin kuma san yadda kaya suke tashi.

Abu na farko da ya kamata ki sani shi ne gashin da rilaksa ya taɓa ba ya komawa yadda yake, ko me aka shafa masa. Maganin yana ɗauke da sodiyam haidiroksaid, dangin sodar da ake haɗa sabulu da ita, wanda kuma ake cewa na yara ne ko mara zafi yana ɗauke da wani sinadarin da ƙarfinsa bai gaza wannan da yawa ba. A ma'aunin pH, wanda yake nuna tsami ko kaifin sinadari, fatar kai tana wajen 5.5, rilaksa kuwa yana kaiwa 12 zuwa 14. Aikinsa shi ne ya tsinke igiyoyin da suka riƙe lanƙwasar silin gashi daga ciki, in suka tsinke kuwa sun tsinke ke nan. Saboda haka duk man da aka ce miki yana "wanke rilaksa" ƙarya ne. Hanya biyu ce kawai: ko ki aske ki fara daga tushe, ko ki bar sabon toho ya fito kina rage tsohon kaɗan-kaɗan. A gidajenmu aski ga mace ba ƙaramar magana ba ce, daga miji har iyaye sai an ji bakinsu, don haka na ɗauki ta biyu. Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da kwata a wata, wato shekara guda ta ba ki santimita 12 zuwa 15 in bai karye ba. A makon farko ki samu tef ɗin tela ki auna wuri huɗu, goshi, tsakiyar kai, gefe da ƙeya, kina jan silin ya miƙe, ki rubuta. Ki ɗauki hoton goshinki da gefen kunnuwa a bakin taga da rana. Ni ban yi ba sai a wata na uku, kuma da likita ya tambaye ni yaushe filin ya fara, sai kame-kame nake yi. Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne binciken da cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fitar a Oktoban 2022, wanda ya bi mata sama da 33,000 na kusan shekara 11, ya ga masu yawan amfani da magungunan miƙar da gashi, fiye da sau huɗu a shekara, sun ninka waɗanda ba sa amfani da su a kamuwa da sankarar mahaifa. Alaƙa binciken ya nuna, bai ce maganin ne ya jawo kai tsaye ba, amma ni dai ya ishe ni.

A mako na goma sabon toho ya kai gaɓar yatsa, mataji ya daina shiga, sai na koma salun don a wanke a yi mini stimin. Na zauna kusan awa ɗaya da rabi a layi domin ranar Asabar ce, ana ta gyaran 'yan biki. Mai shagon ta ɗaga gashin ta ce, "Hajiya, kan nan ya yi toho sosai, bari a ɗan taɓa miki tushen kawai, ko a sa miki teksharaiza, shi ba rilaksa ba ne." Kada ki yarda. Teksharaiza sinadari ɗaya ne da rilaksa, ana dai rage masa ƙarfi ko a wanke shi da wuri. Na ƙi, aka wanke da shamfu sau uku har gashin yana ƙara a hannu, aka sa kirim aka tura ni ƙarƙashin na'urar tururi minti 20, sannan yarinyar shagon ta ɗauko ƙaramin mataji mai ƙananan haƙora ta fara sharcewa daga tushe zuwa baki, tana bi da handiraya mai zafi. Naira 3,500 na biya, na kuma bar dunƙulen gashi kamar lemon tsami biyu a ƙasa. Stimin ɗin ba shi da laifi. Tajewar ce ta yi ɓarnar, domin daidai inda sabon gashi mai lanƙwasa ya haɗu da tsohon mai santsi nan ne wuri mafi rauni a silin, kuma duk ƙarfin da aka sa a mataji can yake sauka. In dole sai kin je salun a wannan lokacin, ki je ranar Talata ko Laraba da safe, ki tafi da matajinki mai faɗin haƙori, ki faɗa musu tun kafin a jiƙa kan cewa za a raba shi kashi-kashi kuma ba a taje shi sai da kwandishina a jiki.

Filin gefen kunnuwa ne ya kai ni asibiti a wata na huɗu, bayan na gama shafa tafarnuwa da albasa da man habbatus sauda ba tare da na ga ko gashi ɗaya ba. A babban asibiti ba a shiga wurin likitan fata kai tsaye. Sai da na yanki kati a naira 2,000, na biya kuɗin ganin likita a wata tagar daban, na kai rasit ɗakin ajiye fayil, sannan na zauna a sashen da ake fara duba kowa. Na isa ƙarfe bakwai da rabi, ban ga likita ba sai bayan azahar. Minti biyar ya yi da ni, ya rubuta takardar tura ni ɓangaren fata. Can kuma sau ɗaya suke zama a mako, ranar da aka ba ni sai bayan mako biyar. Ki riƙe katin, da takardar turawar, da kowane rasit a leda ɗaya, domin a ranar za a nemi duka. Ki je da kanki a tsefe, wanda aka wanke kwana biyu kafin ranar, ba mai ba lalle, ki kuma ɗauki robobin duk abin da kike shafawa. Wata da muka zauna tare ta zo da sabon kitso ƙanana, aka ce ta koma ta tsefe ta sake karɓar rana. In kina son mace ta duba ki, ki faɗa wa nas tun a bakin ƙofa, ba sai kin shiga ba.

Likitar ta duba fatar da wata 'yar na'ura mai fitila da gilashin ƙara girma, ta kama gashi kaɗan a wurare uku ta ja a hankali ta ƙirga abin da ya biyo hannunta. Ta tambayi irin kitson da nake yi, da yadda nake ɗaura ɗankwali, da haihuwa ta ƙarshe, da yawan jinin al'ada. Abin da ta ce shi ne ja ne ya cinye gefen, ja na kitso mai tsauri da fakin da ribom da ɗaurin ɗankwali a wuri ɗaya shekara da shekaru, a kan gashin da rilaksa ya riga ya raunana. Ta nuna mini a madubi inda har yanzu ake ganin ƙananan ramukan gashi da 'yan siraran sili, ta ce nan zai iya dawowa, sannan ta nuna wani ɗan wuri kamar faɗin farce da ya yi sumul yana sheƙi, ta ce nan saiwar ta mutu ta zama tabo, ba man da zai tayar da ita. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo, don da na zo shekara biyu kafin nan da ba a kai ga haka ba. Ta rubuta gwajin jini uku, na yawan jini, na feritin wato ma'ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, da na tayirod wato wata gaɓa a wuya mai fitar da sinadari, duka suka tashi wajen naira 18,000, sakamako bayan kwana huɗu. Feritin ya fito ƙasa, aka ba ni ƙwayar ƙarin jini ta wata uku, da gargaɗin kada in sha ta da shayi domin yana hana jiki tsotse ta, kuma in na ga bayan gida ya yi baƙi kada in tsorata. Ga amosani ta ba ni shamfun ketokonazol mai kashi 2 cikin ɗari, sau biyu a mako na wata ɗaya, a shafa a fatar kai a bar shi minti biyar kafin a ɗauraye. Ga gefen kuma minoksidil, maganin fito da gashi, na ruwa mai kashi 2, mililita ɗaya safe da dare. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi, don haka kada ki saya a kemis don kin ji wata ta yi. Yana son ya yi awa huɗu ruwa bai taɓa wurin ba, ga kuma shafar kai a alwala, sai na tsara shi bayan sallar asuba da bayan isha'i. A wanke hannu bayan an shafa, a kuma kula kada ya gangaro kunci, don gashi zai fito a inda ba a so. A makonnin farko zubar ta ɗan ƙaru, likitar ta riga ta faɗa mini haka zai faru. Sai a wata na huɗu da farawa na ga gashi mai laushi kamar na jariri ya rufe wurin, ban da tabon.

Mai kitso ita ce mataki mafi wuya, domin ba kuɗi ake biya a wuce ba, hali ake canzawa. Makitsiyarmu dattijuwa ce da ta yi wa iyayenmu kitso, kuma a wurinta kitson da bai sa gira ta ɗaga ba bai kamu ba. Na ce mata, "Inna, likita ta ce a bar mini gashin goshi da na gefen kunne, kada a kama su, kuma a sassauta hannu." Ta ce, "'Yar nan, ai kwana uku zai yi ya tashi, ki ce ban iya ba." Na ce na ji na yarda, in ya tashi laifina ne. Abin da muka daidaita a kai shi ne manyan zane guda takwas zuwa goma, a bar faɗin yatsa ɗaya a gaba ba a kama ba, ba shuku, ba ƙananan kalaba, ba ƙarin gashi ko ulu, kuma duk zuwa a canza inda ake tsaga da inda kitson ya fuskanta. Alamar kitso ya yi tsauri ba ta ɓuya: ciwon kai da dare, kasa sunkuyawa a sujada, ƙananan ƙuraje masu farin kai a bakin tsaga. In kin ga haka ki tsefe a ranar, ko da yanzu kika biya. Kitson yana yin kwana 10 zuwa 14 a kaina, ba ya wuce haka. Maganar wankan tsarki kuwa, hadisin Ummu Salama da Muslim ya ruwaito ya nuna ba sai mace ta warware kitsonta don wankan janaba ba, ta zuba ruwa sau uku ya isa. Kitso mai sassauci ma ya fi barin ruwa ya kai tushe. Abin lura kawai shi ne a matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi, a bar kan ya sha iska kafin a rufe shi.

Ranar wanki ita ce ginshiƙin komai, kuma sai a wata na shida na gane tsarinta. Ina zaɓar ranar da ba zan fita ba, in fara da hantsi. Tsifa ba a yin ta a bushe. Ina fesa ruwa da 'yar robar fesawa, in shafa mai kaɗan a yatsu, in warware daga baki zuwa tushe da tsinken tsifa, duk zanen da na tsefe in cire mataccen gashin da ya taru a gindinsa da yatsa kafin in wuce na gaba. Wanda ya tsallake wannan ya zuba ruwa, gashin zai dunƙule ya zama kamar soso, sai almakashi. Kada yawan abin da ya fito ya firgita ki. Mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana, kitson mako biyu kuwa ya riƙe na kwana 14, wato 700 zuwa 1,400 ne za su fito a zama ɗaya. Ki ɗauki 'yan sili ki duba a kan farar takarda. Mai tsawo da ɗan farin ɗigo a gindi ya gama kwanansa ne ya faɗo. Gajeru marasa ɗigo su ne karyayyu, su ne kuma abin damuwa. Daga nan sai in raba kan gida shida in murɗe kowanne. Kafin nan na riga na jiƙa karkashi, busasshen ganye cokali uku na cin abinci a rabin litar ruwan zafi wanda bai tafasa ba, ya yi minti 20, in tace da rariyar laushi ko tsohon mayafi. A Kano ana samun sa a kasuwar Rimi da wurin masu kayan miya na unguwa, a lokacin ƙullin naira 200 ya yi mini wanki biyu. Kada a sa masa kanwa yadda ake yi in miya za a kaɗa, kanwa tana busar da gashi ta sa shi gautsi. In ba a tace ba kuma za ki kwana kina tsince ganye. Ba ya kwana, a ranar ake haɗa shi. Yauƙinsa shi ne amfaninsa: ina zuba shi a kashi ɗaya, in warware da yatsu, sannan in sa mataji mai faɗi daga baki in hau sama a hankali, ina riƙe da tushen da ɗaya hannun, in sake murɗewa. Shamfu fatar kai ake yi wa, ba tsawon gashi ba. Ina tsarma cokali ɗaya a kofin ruwa, in cuɗa fatar da tafin yatsu ba farce ba, kumfar da ta gangaro ta isa ta wanke sauran. Sabulun salo yana wanke datti sosai amma yana da kaifi, in za ki yi amfani da shi ki narka ɗan gutsure kamar ƙwallon dabino a kofi biyu na ruwa, bayan kin ɗauraye ki bi da khal na tuffa cokali ɗaya a kofi biyu na ruwa. Wannan ɗaurayar tana taimaka wa masu ruwan rijiya ko burtsatse mai zartsi, wanda yake barin farin gari a gashi. Sai kwandishina, a sa hular leda a ɗaura tawul a kai minti 20, zafin kai kaɗai ya isa ya yi aikin stimin. Duka-duka awa biyu da rabi ne a farko, yanzu awa ɗaya da rabi.

Hunturu ya same ni a wata na bakwai, a nan na gane babban kuskuren da na girma da shi. Mu a wurinmu in gashi ya bushe mai ake ƙara masa. Na yi ta lafta man kaɗanya da basilin a busasshen gashi kullum, yana ta sheƙi a ido yana karyewa a hannu kamar tsintsiya. Mai ba ya jiƙa gashi, ruwa ne yake jiƙa shi, aikin mai shi ne ya tsare ruwan kada ya gudu. In kin shafa shi a busasshen gashi, bushewar kika kulle a ciki. Gashinmu ya fi saurin bushewa ne don maiƙon da fatar kai take fitarwa ba ya iya gangarowa ta cikin lanƙwasar silin har ya kai baki. Tsarin da ya yi mini aiki shi ne ruwa tukuna, sai kirim ɗin gashi wanda ba a wankewa, wanda ruwa ne farko a jerin abin da aka haɗa shi da shi, sannan man kaɗanya kamar ƙwayar gyaɗa ga kowane kashi, a fi ba bakin gashin ƙarfi don shi ne mafi tsufa. A hunturu duk bayan kwana biyu, da damina sau biyu a mako ya isa. Man kaɗanyar ina narka kofi ɗaya a kan ruwan zafi, ba a kan wuta kai tsaye ba, in zuba man zaitun cokali uku, in sa shi ya huce da sauri sannan in buga da cokali har ya yi laushi. In ya huce a hankali yakan yi tsaki-tsaki. Na gaske yana narkewa tsakanin yatsu nan take, yana da ɗan ƙaurin hayaƙi. Na taɓa sayen wanda aka cakuɗa da kitse, bayan mako biyu ya fara ƙarni, don haka ki murza ki shinshina kafin ki biya. Man kwakwa yana daskarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, shi ya sa yake sandarar da gashi a hunturu, na ajiye shi sai bazara. Sauran ɓarnar daga abin rufe kai take. Hular auduga da ake sawa ƙarƙashin hijabi tana shanye danshi tana kuma goge gashin goshi. Na sayi yadi ɗaya na satin a Kantin Kwari, tela ya ɗinka mini huluna uku marasa roba mai matsewa da rigar matashi ɗaya. Ɗankwali kuma na daina ɗaure shi a kan layin goshi, ina sauko da shi ƙasa kaɗan ko in tura shi baya. Rufe jiƙaƙƙen kai da hijabi yana kawo wari da amosani, shi ne dalilin yin wanki da hantsi.

A wata na tara na gwada chebe, garin nan na matan Chadi da ake soya 'ya'yan itacen chebe a daka da kanumfari da wasu kayan ƙamshi. Ana kwaɓa shi da mai, a jiƙa gashi, a shafa daga ɗan nesa da tushe zuwa baki, a kitse. Ba a sa shi a fatar kai, yana toshe ta ya kawo ƙaiƙayi. Ra'ayina shi ne bai sa gashina ya fi saurin fitowa ba, tef ɗin tela ya nuna santimita ɗaya ɗin nan dai a wata. Abin da yake yi shi ne rage karyewa, don gashin yana zama a jiƙe, a cikin mai, a kitse, ba hannun da yake taɓa shi. Amma yana ɓata hijabi da matashi, wanke shi kuma aiki ne, ga gashi mai rabin rilaksa nauyinsa ya yi yawa. Na bar shi bayan mako shida. Lalle na yi sau biyu, yana ƙara wa sili kauri amma yana busarwa, dole a bi shi da kwandishina mai kyau. Duk abin da za ki saya na roba ko kwalba ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, mai alkawarin tsawon inci biyar a wata kuwa ki ajiye masa kayansa.

Tun daga wata na shida nake rage santimita biyu na tsohon gashin duk bayan mako takwas. A wata na 14 sabon ya kai santimita 15 in an ja shi, tsohon kuma ya zama 'yan siraran jela da suke cukurkuɗewa suna jawo wa sabon karyewa, sai na yanke shawarar a cire su gaba ɗaya. A jiƙe ake yi, da kwandishina a jiki, domin a lokacin ne ido yake ganin iyakar: sabon ya nannaɗe, tsohon ya rataye a miƙe. Ƙanwata ce ta yanke mini da sabon almakashin gashi na naira 2,500 wanda ba a taɓa yanka yadi ko takarda da shi ba, don dakusasshe yana tauna bakin silin ya tsage daga baya. Ana ɗaukar kashi kamar kaurin yatsa, a yanka rabin santimita a cikin sabon, kada a bar ragowar tsohon. Awa biyu muka yi. Da ya bushe sai na ga kamar an sace shi, santimita 15 ya koma bai fi biyar ba. Na yi shiru a gaban madubi na ɗan lokaci. Wannan tsukewar ɗabi'ar gashinmu ce, musamman wanda masu harkar suke kira 4C, yana iya komawa kashi ɗaya cikin huɗu na tsawonsa, kuma alama ce ta cewa silin yana da lafiya yana iya miƙewa ya dawo. Rabon gashi zuwa lamba 1 har 4 ɗin nan wani mai gyaran gashi ne Ba'amurke, Andre Walker, ya fito da shi a shekarun 1990. Yana da amfani wajen neman bayani a intanet, amma kai ɗaya yakan ɗauki iri biyu, nawa ƙeya ta fi tsakiya laushi nesa ba kusa ba.

Wata huɗun da suka biyo baya na koyon gyara ne. Don miƙar da shi ba tare da zafi ba, kitson zare na kakanninmu ya fi komai: a raba gida takwas zuwa goma bayan wanki yana da ɗan danshi, a naɗe kowanne da zaren ulu ko na roba daga tushe zuwa baki, ba a matse gindin ba, a kwana biyu a warware, sai ki ga tsawon ya fito kamar an bi da diraya. Don kwalliyar cikin gida ina murɗa shi bibbiyu, guda 20 zuwa 24, da ɗan kirim da man kaɗanya, in bar shi ya bushe sarai, in warware da mai a yatsa ba tare da mataji ba. In aka warware da sauran danshi sai ya tashi buzu-buzu, lanƙwasar ba ta zauna ba. Fakin kuma da yankin tsohuwar safa mai laushi nake yi maimakon ribom mai ƙarfe, ba na kuma kwana da shi. Handiraya sau ɗaya a wata uku, a matsakaicin zafi, domin zafi mai yawa yana kashe lanƙwasa kamar yadda rilaksa yake yi, ba ta dawowa.

Da zan sake daga farko, asibiti zan fara zuwa tun a makon da na daina shafawa, don ranar ganin likitan fata tana da nisa kuma saiwar gashi ba ta jira. Ba zan kai kaina salun a wata na uku ba sai na koyi tajewa da hannuna. Ba zan sayi mayuka bakwai ba, abin da na ƙare da shi shamfu ɗaya ne, kwandishina ɗaya, kirim ɗaya, man kaɗanya, karkashi, mataji mai faɗi da robar fesa ruwa, kuma in za a gwada sabon abu a gwada shi shi kaɗai na wata guda don a san wanda ya yi aiki da wanda ya ɓata. Wadda ta haihu ta ga gashinta yana zuba a wata na biyu zuwa na huɗu, wannan daban ne, yakan tsaya da kansa. Yaro ko yarinya mai fili zagayayye da farin gari kuwa makero ne, maganin sha yake buƙata daga asibiti, shafe-shafe ba ya kashe shi, kuma a raba masa mataji da hula da sauran yara. A awon wata na 18 tsakiyar kaina ya kai santimita 19, ƙeya 17, goshi 12. Tabon gefen hagu yana nan yadda likita ta ce, gashin da ke samansa ne yake rufe shi. Minoksidil ban yanke shi da kaina ba, ina da ranar komawa a wata mai zuwa, can za a duba hotunan a ce a rage ko a ci gaba.